Wayarka ba ta lalace ba, sabuwa ce kawai ta fito

1/ Jama'a, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Zare ne mai tsawo kan abin da ke cinye kuɗin matasa tun kafin wata ya raba: yawan saye-saye. A ganina maganinsa mafi arha yana bakinmu kullum, mu ne ba mu ɗauke shi da gaske ba. Godiya nake nufi. Ku biyo ni 🧵

2/ Kafin wani ya taso min a kwament: ba da wanda ke fafutukar na tuwon dare nake ba. Wanda bai ci ba abinci yake buƙata, ba lakca ba. Da mu nake, masu ɗan abin da ya shigo hannu, ko daga gida, ko ɗan kasuwanci, ko alawus, amma ranar 10 ga wata mun koma shan gari.

3/ Mu fara da lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Alawus ɗin NELFUND na ɗalibi naira 20,000 ne a wata.

4/ To sabuwar iPhone, irin ta gama-gari ba babbar ba, ta kan fara daga dala 799 a Amurka. In ka buga da canjin naira 1,500, kusan miliyan 1.2 ke nan. Albashin wata 17 na ƙaramin ma'aikaci. Alawus ɗin ɗalibi na shekara 5 cur. Amma ka leƙa ajin lakca ka ga abin da ke hannun mutane.

5/ Ba laifi ba ne ka riƙe babbar waya. Tambayar ita ce: me ya samu ta da? Kira take yi, hoto take ɗauka, WhatsApp na buɗewa. Babu abin da ya same ta. Satumba ce ta zagayo, kamfani ya fito da wata, sai ta hannunka ta fara ba ka kunya. Daga ina kunyar nan ta zo?

6/ Ba daga sama ta faɗo ba, sana'ar wasu ce. Ɗan kasuwa ba ya cin riba da mutumin da abin hannunsa ya ishe shi. Dole sai an fara sa maka jin cewa naka ya tsufa, ko ya yi ƙauyanci, ko an wuce wurin. In wannan jin ya zauna, da ƙafarka za ka kai kuɗin.

7/ Kuma abin ya daɗe. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka yi yarjejeniya kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Wanda nasa ya fi haka daɗewa tara ake cin sa. Ƙwan da ba ya mutuwa ba ya kawo ciniki.

8/ A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa. Ya ce don kada su riƙa mutuwa ne saboda batirin ya tsufa. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Mutum nawa ne suka sayi sabuwa alhali batir kawai za su canja?

9/ Sai kuma inda muke zaune yanzu. Facebook da Instagram kyauta ne a wurinka, amma kusan duk kuɗin da kamfanin Meta ke samu daga talla yake. Wato aikin manhajar ta riƙe idonka, ta gane abin da ke burge ka, ta ajiye maka shi a gaba. Ka taɓa duba takalmi sau ɗaya ya bi ka sati guda? To shi ne.

10/ Iyayenmu ma sun yi gasa, kar a yi musu ƙarya. Amma tasu da maƙwabta ce da 'yan uwa, mutanen da sun san ainihin halin da suke ciki. Mu kuwa kafin mu tashi daga katifa mun riga mun gwada kanmu da wata a Dubai, wani a Maitama, da wani ɗan ƙwallo a Ingila.

11/ Kuma sau da yawa kallon kitse ake wa rogo. Motar da aka jingina da ita ta aro ce. Falon na otal ne. Hoto 40 aka ɗauka aka zaɓi 1. Kai kana gwada ranarka gaba ɗaya, da gajiyarta da yunwarta, da daƙiƙa guda da wani ya tace ya gyara. Ta ina za ka ci wannan gasa?

12/ Mu dawo kan biki, inda abin ya fi ciwo. Kamu da nasa anko, dina da nata, yini da nasa. Ga ɗinki, ga mai kwalliya, ga mai ɗaurin ɗankwali, ga gudummawa. In ƙawaye uku suka yi aure a zango ɗaya, ɗaliba ta shiga uku. In ta ce ba ta da hali, sai a ce ba ta da kara.

13/ Maza kar ku yi dariya. Ankon shadda na abokan ango, sabuwar hula, sabon takalmi, turaren da ya fi kuɗin abincin wata, da karo-karon hayar mota don ayari. Ga kayan Sallah: kala ɗaya ba ta isa, sai na idi, na hawa, na yawon Sallah, don kowace rana da hotonta.

14/ Sabuwar dokar da ba wanda ya rubuta amma kowa ke bi: kayan da aka gan ka da su a hoto sun mutu. Leshi mai tsada, sawa ɗaya, ya koma ƙasan akwati. Kakanninmu kan ajiye zane ɗaya na fita shekara da shekaru, kuma da shi ake gane su, ba wanda ya raina su.

15/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saye ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai wani marubucin Faransa na ƙarni na 18, Denis Diderot. Aka ba shi kyautar sabuwar rigar zaman gida mai kyau. Da ya sa ta, sai ya ga kujerarsa ba ta dace da ita ba. Ya canja. Sai teburi. Sai adon bango.

16/ Kafin ya farga ya sake kayan ɗakin, aljihu ya yi kuka, ya zauna ya rubuta nadamar rabuwa da tsohuwar rigarsa. Yau masana kasuwanci na kiran wannan hali da sunansa. Mu ma mun san shi: sabuwar waya na son sabon gida, sabon abin kunne, sabon agogo, da wurin cin abincin da ya dace da kyamarar.

17/ To in an saya ɗin, daɗin yana daɗewa? Ku tuna wayar da ke hannunku ranar da kuka cire ta a kwali. Goge ta ake da gefen riga, ba a ba yara. Bayan wata uku an jefa ta kan gado. Rai yana sabawa da komai. Abin da ya hana ka barci jiya, yau ba ka ma ganinsa.

18/ An gwada wannan. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka tattauna da mutum 22 da suka ci manyan kuɗin cacar lotare a Amurka. Ba su samu wani babban bambanci a farin ciki tsakaninsu da sauran mutane ba. Ƙananan abubuwan yau da kullum ma sun rage yi musu daɗi.

19/ Ka ga tarkon ke nan. Daɗin saye gajere ne, shi ya sa sai an maimaita. In kuɗi suka ƙare sai bashi. Yanzu kuma ba sai ka je gaban kowa ka sunkuyar da kai ba, manhajar bashi na wayarka, minti biyar alat ya shigo. Kwaɗayi mabuɗin wahala, yanzu har da lambar sirri.

20/ Kun san yadda wasu daga cikinsu ke yi in an makara: saƙo ga duk lambobin da ke wayar mutum, har iyaye da malamai, ana kiransa ɓarawo. Abin ya yi ƙamarin da a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas. An ci bashi don a burge mutane, an ƙare da tozarci a gabansu.

21/ To ina godiya ta shigo? Ku duba gaisuwarmu. Ina aiki? Da godiya. Ya gida? Alhamdulillah. Ya karatu? Mun gode Allah. A yini ɗaya Bahaushe na iya furta godiya sau ashirin. Amma in ka tsayar da shi ka ce don me ka gode yanzu, sai ya ɗan yi shiru. Kalmar ta zama amsar gaisuwa.

22/ Godiyar da nake nufi aiki ce ta hankali. Ka tsaya ka kalli abin da ke hannunka, ka ambaci sunansa, ka tuna ta hanyar wa ya zo, ka tuna lokacin da ba ka da shi. Talla na jan idonka zuwa abin da babu. Godiya na dawo da shi kan abin da akwai. Ido ɗaya ne, ba ya kallon wuri biyu.

23/ Shi ya sa take maganin sabon nan da na faɗa a sama. Sabo ne ke ɓoye maka abu. In ka tuna watannin da kake aron wayar abokin ɗaki don ka ga sanarwar aji, ta hannunka sai ta dawo da darajarta, ko da sikirin ɗinta ya tsage. Ba ka kashe ko sisi ba, amma ka sake samunta.

24/ Wannan ma an gwada. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka raba ɗaliban jami'a. Wasu su rubuta abu 5 da suke godiya a kai duk mako, wasu su rubuta abu 5 da suka dame su. Bayan mako 10, 'yan rukunin godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi kyautata zato ga mako mai zuwa.

25/ Wanda ya fi shafar aljihu shi ne na David DeSteno a 2014. Aka ba mutane zaɓi: kuɗi kaɗan yanzu, ko dala 85 bayan wata uku. Waɗanda aka sa suka tuna wani abin godiya sai an ba su kimanin dala 63 kafin su haƙura da na gaba. Sauran kuwa 55 ta ishe su.

26/ Ku lura, a cikin sauran har da waɗanda aka sa suka tuna abin farin ciki. Wato ba nishaɗi ne ya kawo haƙurin ba, godiyar ce. Mai godiya ba ya cikin gaggawa. Kuma duk dabarar "saura guda uku", "rangwamen yau kawai", "kowa ya saya sai ke" a kan gaggawa aka gina ta.

27/ Mu ba sai an kai mu ɗakin gwaji ba ma. Wadatar zuci muke ce mata, malamai su ce ƙana'a. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Suka ce in ba ki da gashin wance, kar ki yi kitson wance. Maganar tana nan tun tuni, data ce ta fi ta ƙarfin murya.

28/ Yanzu ga ƙorafin da na san yana zuwa, kuma yana da gaskiyarsa: "Ai da sunan godiya ake danne talaka." Haka ne. Mun sha jin mai ayarin motoci yana ce wa mai tafiya a ƙasa ya yi haƙuri ya gode. Wannan ba wa'azi ba ne, rufe baki ne, kuma ba shi nake tallatawa ba.

29/ Haƙƙi daban, kwaɗayi daban. Ruwa a hostal, wuta a ɗakin karatu, magani a asibiti, albashi a kan lokaci, waɗannan haƙƙi ne, a nema da babbar murya. Anko na huɗu a wata ɗaya ba haƙƙi ba ne. Kana iya gode wa Allah da safe, da rana ka tambayi shugaba ina kuɗinmu.

30/ Hasali ma wanda abin hannunsa ya ishe shi ya fi wuyar saye. Wa ake ba 'yan dubbai ya zagi mutane a intanet? Wa ake ja zuwa damfara, ko cacar ƙwallo, ko tsarin "zuba dubu goma ka kwashi hamsin"? Sau da yawa ba mai yunwa ba ne. Mai son ya kamo sa'o'insa da wuri ne.

31/ Ƙorafi na biyu: "Godiya na kashe zuciyar nema." Ban yarda ba. Dubu 150 ɗin cikon canja waya jari ce. Kuɗin rijista ne, ko keken ɗinki, ko kwamfuta ta hannu da za ka koyi sana'a da ita. Wanda ya riƙe tsohuwar wayarsa ya sayi kayan aiki, shi ne zuciyarsa ta mutu?

32/ Na uku: "In kowa ya daina saye, 'yan kasuwa fa?" Ba wanda ya ce a daina. Amma ku tambayi inda kuɗin ke tafiya. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki dubban ma'aikata a shekarun 1970 da 1980 yawancinsu sun rufe. Da yawa daga yadin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa. Wayoyin ma haka.

33/ Mai ganin darajar kayansa kuwa gyara yake yi. Ya kai waya Farm Centre a canja batir, ya kai riga wurin tela a rage ta, ya miƙa takalmi a ɗinke. Kuɗin nan a hannun ɗan unguwa suke tsayawa. Kuma shara ta ragu: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a 2022.

34/ Ado kuma ba laifi ba ne. Mu mutanen kwalliya ne, daga rinin Ƙofar Mata har aikin hula da na babbar riga. Wanda ya ɗinka shadda ɗaya mai kyau, ya kula da ita, ya sa ta Juma'a bayan Juma'a yana jin daɗinta, ya fi morar ado a kan mai kala goma da bai tuna rabinsu ba.

35/ To a aikace me za a yi? Ga abin da nake ganin ɗalibi zai iya.
Na ɗaya: godiya mai suna. Kafin barci ka ambaci abu uku na yau, ƙanana, takamaimai. Abokin da ya ajiye maka kujera. Mai adaidaitar da ya yafe maka naira 50. Wutar da ta kai ka cika caji.

36/ Na biyu: kafin sayen duk abin da ba abinci ko magani ba, ka buɗe akwati ka ƙirga irinsa nawa kake da su. Sannan ka ba shi sati guda. In har lokacin kana buƙatarsa, saya da zuciya ɗaya. Yawanci kafin satin ya cika ka manta da shi, wani tallan ya maye gurbinsa.

37/ Na uku: ka mayar da farashi zuwa kwanaki. Takalmin dubu 40 wata biyu ne na alawus. Ko ka tambayi kanka: kwana nawa Baba ya yi a kasuwa, ko Mama a bakin murhu, kafin wannan kuɗin ya haɗu? In ka san guminsa, hannunka zai yi nauyi wajen tura shi.

38/ Na huɗu: ka tace waɗanda kake bi. Duk shafin da in ka fito daga cikinsa ɗakinka ke maka kallon kango, ka sauke shi. Ba hassada ba ce, ba gaba ba ce. Kai ke sayen datar, bai kamata ka biya kuɗi a riƙa raina maka rayuwarka ba.

39/ Na biyar: ka gode wa mutum, da baki. Yaba kyauta tukuici. Ka kira wanda ke biyan kuɗin makarantarka ranar da ba roƙo za ka yi ba. Da yawanmu in sunanmu ya fito a wayar iyaye, sun san "kuɗina sun ƙare" ne zai biyo bayan gaisuwa. Gwada kiran da babu wannan, ka ji muryarsu.

40/ Na shida na amare da angwaye masu zuwa ne. Ku sauƙaƙa. Anko ɗaya, mai sauƙin kuɗi, ko a faɗi launi kowa ya sa abin da yake da shi. Ƙawar da ta baro karatunta ta hau mota ta zo bikinki ta riga ta ba ki abu mai tsada. Kar rashin leshi ya sa a ajiye ta a kujerar baya.

41/ Sannan mu daina yi wa juna dariyar maimaita kaya. "Wannan ba shi kika sa a bikin wance ba?" Eh, shi ne, nawa ne, kuma yana da kyau. Yawancin matsin nan ba kamfanoni ke kawo shi kai tsaye ba, mu ke isar musu da saƙo ga junanmu, kyauta, ba ko kamasho.

42/ Godiya ba za ta sauke farashin shinkafa ba, ba za ta ba ka aiki bayan bautar ƙasa ba. Abin da za ta iya shi ne ta hana ɗan abin da ya shigo zurarewa, ta raba ka da bashin kunya, ta bar ka ka yi barci ba tare da lissafin abin da wane ya saya ba. A wannan zamanin ba ƙaramin abu ba ne.

43/ Na gama. Ga aikin gida: ku faɗa min abu ɗaya da kuka fi shekara biyu kuna amfani da shi kuma har yanzu yana muku aiki. Waya, jaka, takalmi, fanka, ko ma kofin shayi. In da hali ku ɗora hotonsa. Yau dai a bar tsofaffin kaya su ma su sha sitatus. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa wa nemanmu albarka 🤲🏾